Maigidana Ya Koma Cin Tuwo Shi Kaɗai

Goggo Balaraba, ki taimake ni don Allah, ba ni da wanda zan faɗa wa. Ina rubuto miki daga Ƙauran Namoda. Maigidana ya yi shekara talatin yana gashin ganyen taba a Shinkafi, ga shi yana sha. Bara, watan da aka ƙaddamar da Shari'a, tari ya kama shi. Da muka je asibiti a Sakkwato aka ce ciwon daji ne na huhu.

Likita ya auna jininsa, ya ce wasu sinadarai 'yan mitsi-mitsi, zinki da siliniyam, sun ragu ƙwarai. Ya ce su ke tsare jiki daga lalacewa, in babu su jiki kamar tsatsa yake daga ciki, kuma zinkin dangin ƙarfe ne. Da na gaya wa yayata Asta a Zurmi, sai ta riƙa aiko mini da ruwan da maƙera ke tsoma ƙarfe mai zafi a ciki. Wata uku ina ba shi, yana runtse ido yana haɗiyewa, ramewa kawai yake.

Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. Shekara ashirin suna ciyayya a ƙofar gida da maƙwabtanmu Malam Yari da Tsoho. Tun da suka ji tarin suka ce tarin fuka ne, kowa ya ɗauke akushinsa. Yanzu daga bakin zaure suke gaisuwa. 'Ya'yanmu suna Gusau tun da aka ba mu jiha. In na kai masa tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Ni kuma in koma madafa in zauna in ci nawa, gida shiru kamar an yi ƙaura. Ina tsoron yunwa ta riga ciwon. Me zan yi?

Mai jinya, Ƙauran Namoda

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya ba ki ladar jinya. Ruwan maƙera dai a zubar da shi yau. Asta ƙauna ta sa ta, amma mijinki ba garma ba ne. Na tambayi wani likita, ya ce ruwan nan ba zai mayar da abin da ya ragu ba, ƙazantarsa ma tana iya ƙara masa wata cutar. Sinadaran nan a abinci suke: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, hanta in ta samu. Ba za su warkar da daji ba, ba zan ruɗe ki ba, amma suna taimaka wa jiki ya jure. Kada ki sayo ƙwayoyi sai likitansa ya rubuta, kuma ku ci gaba da komawa asibiti.

Su Malam Yari kuwa tsoro ne ya kore su, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji tsoron tarin fuka. Laifinsu rashin tambaya. Ciwon daji ba a ɗaukarsa a akushi. Ki ba limamin unguwa takardar asibiti ya kira su ya yi musu bayani. Wataƙila su dawo, wataƙila kunya ta hana su.

Kada ki jira su. Ke ma na lura a madafa kike ci ke kaɗai. Na san a wajenmu mace ba ta sa hannu a kwano ɗaya da mijinta, amma wannan kunyar ba ta kai darajar ransa ba. Yau in kin sauke tuwo, ki wanke hannu ki zauna gabansa, ki fara yankar loma. Allah ya ba shi sauƙi, ya ba ku ikon cinyewa tare.