Kwanar Bappa

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Na je Rano duba Yaya Bello. Ƙashin da ya karye lokacin da ya faɗi da babur a hanyar Rurum ya haɗe, an kwance ɗori, amma yatsu uku na hannun daman sun ƙage. Likitan gashin ƙashi ya ce in bai riƙa motsa su kullum ba, kafin ƙarshen damina za su sandare ke nan. Mutumin da ɗinki ne sana'arsa! An ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa, matarsa Saude ta ce yara ne suke buga ta a tsakar gida. Da na yi masa magana sai ya ce, "Malantarki ta tsaya a Kibiya, Bushra. Nan ba aji ba ne." Keken ɗinkinsa yana gefe an lulluɓe shi da zani.

Lahadi, 7 ga Yuli

Raina a ɓace. Wanki kawai na iya yi.

Laraba, 10 ga Yuli

Maigidana, Baban Mufida, ya kira ni in zo in ga wani abu a kwamfutarsa. Ashe labarin da nake damunsa da shi tun aurenmu ne ya je ya tono: wasan tseren motar nan na shagon Bappa. Kiɗan farko kawai na ji, sai da na zauna.

Bappa ƙanin babanmu ne, Allah ya jiƙansa. Yana da shagon buga takardu a bakin kasuwar Rano, da kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya. In zai tafi sallar la'asar sai ya ce mu yi zagaye ɗaya, ɗaya tak, mu biyu. Da muka gaji da faɗa a kan wanda zai yi, sai muka raba madannan. Yaya yana ɓangaren dama da madannan kibiya, shi ne sitiyari. Ni ina hagu, ni ce wuta da birki. Kujera guda, kowa da rabin mazauni. Sai da na girma na san wasan na mutum ɗaya ne.

Motar ja ce, kamar kwalin ashana. Wasan kuma ba shi da tausayi ko kaɗan. Lokaci ya ƙare maka, a mayar da kai farko, ba ruwansa da inda ka kai. Hanyar ƙarshe a kan dutse take, duk fari da dusar ƙanƙara, mu a lokacin mun ɗauka garin rogo ne aka zubar. Can akwai wata muguwar kwana da ba mu taɓa wucewa ba. Ko mu faɗa rami, ko Bappa ya dawo daga masallaci ya kore mu. Shi ya sa muka sa mata Kwanar Bappa. Ni dai har yau ina so in ga abin da yake bayanta, ban taɓa daina so ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na gwada ni kaɗai bayan na taso daga makaranta. Abin kunya. Hannun hagu ya tuna komai, na dama bai san komai ba, don bai taɓa koya ba. Ko hanyar farko ban gama ba. Mufida tana ta yi mini dariya, wai motar Umma ta fi son bishiya.

Asabar, 13 ga Yuli

Na ɗauki kwamfutar na tafi da ita Rano. Ban faɗa wa kowa dalili ba, ni ma ban gama sani ba.

Inna ta ce ba ni da hankali. Mutum ya yi hatsari a hanya, in kawo masa wasan da mota take karo da bango? Tana da gaskiya, ban yi tunanin wannan ba sam. Yaya ya kalli allon sau ɗaya ya juya fuska. Na ji nauyi sosai, amma na riga na kunna, sai na zauna a bakin ƙofarsa na ci gaba, na ƙure sautin. Na daki bango, na daki bishiya, na daki motar gaba.

Can sai na ji daga bayana, "Ke tun kina yarinya ba ki san birki ba. Kafin allon bakin hanyar nan ake takawa."

Na ce to ya zo ya riƙe sitiyari. Ya matso ya miƙo hannun hagu. Na ce a'a, nan wurina ne, a shagon Bappa da wane hannu yake tuƙi? Ya yi tsaki, ya ce ni fitinanniya ce. Amma ya ɗora na daman. Manuniya kaɗai take iya dannawa, don haka hagu kawai motar take iya yi. Mun yi ta zagaye a wuri ɗaya. Ya yi gumi sharkaf, na ga yana cije leɓe. Ban ce sannu ba, na san in na faɗa zai tashi.

Na baro kwamfutar a can. Baban Mufida ya ce shi ya jawo wa kansa.

Talata, 16 ga Yuli

Saude ta bugo. Wai ya sa ta riƙe wuta da birki, ita kuma ta danne wutar ba ta ɗagawa. Jiya har tuwo ya kama a tukunya.

Asabar, 27 ga Yuli

Yatsan tsakiya ya fara motsi. Mun gama hanya biyu. Ya yi mini ihu kamar dā, ni ma na rama kamar dā, Inna ta leƙo ta ce ko mun manta muna da 'ya'ya.

Na ga ƙwallon robar a ƙarƙashin matashinsa. Ya ce yatsan ne yake makara a kwana, shi ya sa.

Da zan tafi ya ce, "Ki ji da kyau. Ranar da muka wuce Kwanar Bappa muka kai ƙarshe na gama da shirmen nan, da ƙwallon, da komai." Na san halin Yaya. In ya ce ya gama, ya gama.

Alhamis, 1 ga Agusta

Ruwa tun safe. Na yi mafarkin shagon Bappa, har da warin janareto.

Asabar, 10 ga Agusta

Sun koma asibiti ranar Litinin. Likitan ya yi mamaki, ya ce duk abin da yake yi ya ci gaba, kada ya kuskura ya tsaya, don yatsa na ukun har yanzu da saura. Saude ta ce kunya ta hana su faɗa masa mene ne.

Yau mun kai dutsen. Farin nan yana nan yadda na bar shi. Mun faɗa ramin Kwanar Bappa har na daina ƙirgawa, kuma kowane faɗuwa a mayar da mu farko. Ban san na yi kewar wannan baƙin cikin ba sai yau.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun wuce ta.

Na taka birki kafin allon, ya karya kan motar a daidai, ta shafi bakin ramin ta fita. Yaya ya yi kabbara. Bayan kwanar ashe gangara ce miƙaƙƙiya, can ƙasa ga tutoci, ga layin ƙarshe, ga lokaci ya rage mana isasshe. Wuta kawai zan danna. Sai maganarsa ta rannan ta faɗo mini.

Yana ta cewa, "Taka! Bushra, taka mana!" Motar ta yi ta rage gudu har ta tsaya cak, tutocin suna gabanmu. Lokaci ya ƙare. Aka mayar da mu farko.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke lafiyarki?" Na ce yatsana ne ya zame ya hau birki. Ya jawo ƙwallon ya hau matsawa, ya ce Asabar mai zuwa in zo da wuri, kuma in goge hannuna kafin in zauna.

A mota ina dawowa Kibiya na yi ta tunanin tutocin nan. Ja da fari ne, ashe. Ban ji haushi ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan.

Gumi ne ya sa ya zame. Ina jin gumi ne. Saude ta ce jiya ya gwada almakashi, bai riƙu ba tukuna.