Kek ɗin Thyra a cikin jakata

Litinin, 4 ga Maris
Na je asibiti don ƙaiƙayin gwiwar hannu kawai, na dawo da ciwo biyu. Likitar fata, yarinya ƙarama, ta ce maiƙo ya yi yawa a jinina. Wai masu ciwon fata na soriyasis irina sun fi fama da haka, kuma zuciya yake nufa. Na ce, "Shekara arba'in ina saɓa kamar maciji, yau kuma cikin ne?" Ta yi dariya. Ni ma na yi.

Alhamis, 7 ga Maris
Ƙwayar da likita ta rubuta mini na kan tebur. Ban taɓa ta ba.
Yayata Gudrun ma fatarta haka take. A kicin ta faɗi ta rasu, tana kaɗa ƙwai. Ba wanda ya taɓa auna jininta.

Lahadi, 10 ga Maris
Jikata Signe ta zo ta kwashe man shanuna. Na ce, "Ɓarauniya, shi ya sa har yau ba mai zuwa zance wajenki." Ta ce, "Kaka, ki zage ni har shekara ashirin nan gaba, shi nake so." Bayan ta tafi ƙirjina ya ɗan soke. Na zauna a kujera ina saurarensa. Wataƙila iska ce.

Asabar, 16 ga Maris
Zaman kofi a gidan ƙawata Thyra, kek fal tebur. A nan garinmu Tønder ba a ƙin kek ɗin mai gida, kowanne sai an ɗanɗana. Tana juya baya na zura nawa cikin jaka. Kirim ya ɓata tabarau, makulli, har littafin waƙoƙin coci. Ta raka ni ƙofa tana cewa, "Bodil, yau kin ci kamar doki." Ni da na san labarin kowa a garin nan, na kasa faɗin nawa.

Talata, 19 ga Maris
Fatar ta tashi sosai. Tsoro ne, na sani.

Laraba, 27 ga Maris
A zaman kofi Thyra ta sake miƙo farantin kek. Na ce a'a, a gaban kowa. Na faɗa musu dalili. Ta ce, "Tsohuwar banza, ni tun bara nake shan wannan ƙwayar." Ta yanka mini siriri, ta zauna kusa da ni.
Tawa kuwa na haɗiye ta da safe. Don kawai ta daina tare mini tebur.