An Cire Wa Inna Haƙori Mai Lafiya

Zuwa ga Babban Likita, mai duba gidajen magani na ƙasar Maradi.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da barka da aiki, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ni mace ce mai sayar da zannuwa a kasuwar Maradi. Mahaifina malami ne, ya koya mini karatu tun ina ƙarama, boko kuwa da girmana na koye shi, don haka da hannuna na rubuta wannan takarda. Na kuma karanta wa matan layinmu a kasuwa, don kada tafintanka ya rage mata gishiri a hanya. Maganar haƙoran mahaifiyata ce, wadda muke kira Inna.

Na farko, ka san wadda aka kawo muku. Inna tsohuwa ce, a Tsibiri take zaune, ƙuli-ƙuli take yi tun kafin a haife ni. Shekaru sun kwashe mata yawancin turamen haƙoranta. Abin da ya rage mata na tauna shi ne guda biyu a dama, na sama da na ƙasa, suna haɗuwa daidai. Da su take cin nama, da su take fasa goro, da su take gwada ƙulinta kafin ta kai kasuwa. 'Yan'uwana sun taɓa saya mata magogin goro, ta jefa shi bayan rumbu, ta ce a ajiye wa tsofaffi. A hagu kuwa akwai turmi guda na ƙasa da ya yi rami, shi ne ya hana ta barci tun damina. Mun sa kanumfari, mun sa jar kanwa. Wata maƙwabciyarta ta yi mata turaren ƙwayar gauta, wai tsutsa za ta fito, ba abin da ya fito sai hawaye. Wanzamin unguwarsu ya zo da awartakinsa, na ga tsatsar da ke jikin awartakin, na sallame shi. Ni ce na ce mata a Maradi akwai likitan Nasara mai zuwa rangadi, yana cire haƙori da allura, ba a jin zafi. Bayan an gama cire gyaɗa na ɗora ta a kan jaki na kawo ta.

Na biyu, a ƙofa aka fara ɓata aikin. Gardin da ke gadin ƙofar ya ce doka ce, marar lafiya kaɗai ke shiga. Na ce masa tsohuwa ce, ba ta jin Faransanci, ni ce bakinta. Ya nuna mini inuwar itacen bedi da sandarsa. A ciki kuwa akwai likitan, saurayi sa'an jikanta, da mataimakinsa, mutumin can bakin teku, wanda Hausarsa ba ta wuce ta cewa a zauna, a buɗe baki ba. Ba wanda ya tambaye ta ina ke ciwo. Ko akuya aka kai wa mai magani, yakan tambayi mai ita wace ƙafa take ɗingisawa.

Na uku, kuma nan ne nake so ka sa a fassara maka a hankali. Matan ƙasar nan suna cin goro, su bi shi da furen taba, su goga a haƙora har su yi ja, jan ya zurfafa ya kusa baƙi. Ado ne, kamar lalle a ƙafa. Inna ba ta yarda da kowane fure ba sai na fadamar Jiratawa, kuma a zamaninta har waƙa aka yi wa murmushinta a dandali. To, tun da ciwon ya kama ta a hagu, ta daina tauna goro ta can, ta daina goga fure ta can, don ko iska ta taɓa wurin sai ta ji har cikin kunne. Gefen ciwo ya koɗe, ya yi haske. Gefen lafiya, da yake shi ke aiki kullum, ya ƙara rinewa. Likitanka ya leƙa, ya ga baƙi a dama, ya ga haske a hagu, ya yanke hukunci da ido.

Zai gaya maka ya ƙwanƙwasa su da ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ba ta nuna alamar komai ba. Gaskiya ne. Inna ta ce da ƙarfen ya sauka a kan mai ramin, sai da ta ga wuta a idonta, amma ta haɗiye. Matar da ta haifi 'ya'yanta duka ba a taɓa jin muryarta daga tsakar gida ba, ita ce za ta yi ihu a gaban yaro baƙo saboda haƙori? A nan ƙasar haka ake renon mata, kuma duk wanda ya sha ruwan Gulbin Maradi shekara guda ya sani. Shirunta ba lafiya ba ne, kunya ce.

Sai ya yi mata allura a dama. Na tambaye ta daga baya me ya hana ta magana a lokacin. Ta ce ta ɗauka ko a wurin Nasara ma da dama ake fara abin alheri, maganin zai zagaya da kansa ya iske ciwon. Bakin ya mutu, ya sa awartaki, ya cire turmin dama na ƙasa. Ta ce ya sha wahala, har ya dafa kujera da gwiwa, ya yi gumi. Dole ya yi gumi, ai lafiyayye yake tumɓukewa. Aka cusa mata auduga, aka miƙo mini Inna, tare da haƙorin a cikin 'yar takarda. Ni kuma har godiya na yi wa gardin. Muna kan hanyar Tsibiri allurar ta sake ta. Ta tsayar da jaki, ta zagaya da harshe cikin bakinta, ta dube ni, ta ce in tambayar mata likitana ko ɓarawon da ya shiga gida ya kan ɗauki maciji ya bar tunkiya, ko kuwa tunkiyar yake ɗauka.

Na huɗu, na koma. Na yi zaman inuwar bedin nan har rana ta karkata kafin mataimakin ya fito. Da taimakon wani mai jiran magani da ke jin Faransanci, ya gaya mini likita ya wuce gaba da rangadi, amma ya bar magana: bakin tsohuwar duk ya ruɓe, in ya dawo a kawo ta ya cire sauran baƙaƙen. Ranka shi daɗe, sauran baƙaƙen su ne masu lafiya. In aka bi wannan magana, zai kwashe mata duk abin da take ci da shi, ya bar mata guda ɗaya tak, mai ramin, don shi ne fari.

Ga halin da muke ciki yau. Turmin sama na dama ba shi da abokin haɗuwa, yana sauka a kan dasashi. Na hagu yana nan da ciwonsa, kuncin ya kumbura har ido ya fara ƙanƙancewa, da yamma zazzaɓi yake rufe ta. Kunu take sha, sai tuwo da aka dama da miya kamar na jariri. Zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa. Ƙuli kuwa ta daina, ta ce ba za ta sayar wa mutane abin da ba ta gwada ba. Rannan na same ta a bayan rumbu tana tono a cikin ƙaiƙayi, da ta gan ni ta ce kaza take nema. Magogin nan take nema. Kuma ta rantse ba za ta sake shiga ɗakin nan ita kaɗai ba, gara wanzami da tsatsarsa, shi aƙalla ya san sunanta. Ni na san kumburin nan ba na wanzami ba ne. Na ga yadda irinsa ya sauka wa wani dattijon unguwarmu a wuya, bai ga kaka ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kada a sa ta jira rangadi, a ba mu rana cikin gaggawa a cire mai ciwon, na hagu, na ƙasa, wanda zan nuna da yatsana. A bar ni in shiga da ita in tsaya a kanta. A soke maganar cire sauran. Sannan a gyara dokar ƙofar nan, duk tsoho ko tsohuwa a bar nasa ya shiga da shi, ko a ajiye mace mai jin Hausa a ɗakin. Bayan Inna akwai tsofaffi masu jan baki daga nan har Jiratawa, kuma ba ɗayarsu da za ta yi muku ihu.

Haƙorin yana cikin tsumman da na ɗaure a jikin wannan takarda. Na kankare gefe guda da wuƙa don in rage maka aiki, za ka ga fari ne tas, ba rami, ba tsaga. Ka juya shi, ka nuna wa yaronka. In kun gama a maido mini, don Inna ta ce da shi aka halicce ta, da shi za a rufe ta.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon gyara, ya kai ka tsufa da haƙoranka cif a bakinka. Ranar da kuwa ɗaya ya motsa, Allah ya haɗa ka da mai tambaya kafin ya ja.

Wassalam.

Ni ce,
Rabi ɗiyar Malam, mai zannuwa, Maradi.