Gishiri a Tsirkiyar Obadiya

Anti Zinariya,

Ki taimake ni, kuma da wuri, don sati uku kawai ya rage mini. Tun farko bari in gaya miki, ni ba mai son filinki ba ce. Na sha ganin yadda kike lallaɓa yaran zamani ki bar iyaye da laifi. Amma ba wanda zan tambaya a Yelwa ba tare da maganar ta zaga coci kafin Lahadi ba.

Tambayata gajera ce. Wace irin tsirkiya ce ba ta tsatsa, ba ta tsinkewa?

Ɗana Obadiya shekararsa ashirin da tara, malamin firamare ne. Yana da wani ɗan molon Turawa mai tsirkiya takwas, bibbiyu a jere, wai mandolin. Na marigayi babansa ne. Baban a coci kaɗai yake kaɗa shi, ya goge ya mayar akwati. Shi kuwa ɗan nawa duk inda aka kafa rumfa yana can, biki a Miri, suna a Gwallaga, mata suna liƙa masa kuɗi a goshi. Ban raini yaro ni kaɗai shekara goma sha biyar don ya zama maroƙi ba. Na yi nasiha, na yi faɗa, na kai shi gaban dattawan coci. Sai ya durƙusa ya ce to Mama, Asabar ta zo ya rataya abinsa ya fita.

Na yi sakandare, na san abin da gishiri yake yi wa ƙarfe. Tun farkon damina, in ya tafi makaranta sai in shiga share ɗakinsa, in jiƙa tsumma da ruwan gishiri in shafa wa wayoyin molon. Ba don mugunta ba. Na ɗauka in suka riƙa tsinkewa zai gaji ya ajiye. Uwa tana da iko ta kare ɗanta ta hanyar da ta ga dama, kuma ba na neman gafarar kowa a kan wannan.

Sun tsinke kuwa. Sau biyar. Ɗaya ta tsinke ana tsakiyar rawa a Miri har ta yanke shi a yatsa. Amma maimakon ya gane cewa sana'ar ba tasa ba ce, sai ya ɗora laifin a kan Malam Babayo, wani tsoho a Gwallaga mai gyaran rediyo da gurmi da jita, wanda yake sa wa molon tsirkiya tun zamanin babansa. Makon jiya ya je rumfarsa ya kira shi macuci a gaban mutane, wai tsofaffin wayoyi yake wankewa ya sayar. Yanzu 'yan kaɗe-kaɗen cocinmu duk sun daina kai masa aiki. Obadiya da kansa ya ba ni labari, yana huci. Ya ce tsohon yatsa kawai ya goga a wayar ya kai bakinsa, sannan ya ce a gaida Mama. Ki ji rashin kunya. Ina ruwansa da ni?

Yanzu ga inda abin ya tsaya. 'Yata Roda za ta yi aure nan da sati uku, ta kafe sai yayanta ya kaɗa mata molon babansu lokacin da za ta shiga coci. Wannan kam ba roƙo ba ne, na yarda, na kuma daina shafa gishirin. Amma Obadiya ya rantse in waya ta tsinke ranar auren ƙanwarsa, sai ya kai Malam Babayo gaban mai unguwa an tashe shi daga rumfar.

Don haka ki faɗa mini sunan tsirkiya mai ƙarko, in aika a sayo daga Jos, in ba shi a matsayin kyauta, magana ta mutu. Kada ki yi mini wa'azi. Ni nake yi wa mutane.

Uwa Mai Tsoron Allah,
Yelwa, Bauchi

*

Mama,

Sannu da ɗawainiya. Rainon yara biyu ba miji ba ƙaramin aiki ba ne, kuma tsoron da kike yi wa ɗanki ba na banza ba ne. Mun ga samari da kiɗan biki ya ja su zuwa shaye-shaye. Sai dai a duk wasiƙarki ban ga inda kika ce Obadiya ya sha wani abu, ko ya fasa zuwa aji, ko ya ɗaga miki murya ba. Ki riƙe wannan.

Tsirkiya kika tambaya, kuma na tambayo miki wani tsohon makaɗi. Ya ce a nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko wadda aka yi wa rufi na musamman don kare ta daga gumi. A saye ta cikin leda a rufe, kada a karɓi wadda aka warware aka rataye a shago. Tun da molon ya tsufa, a ɗauki marar kauri sosai, don mai kauri tana iya lanƙwasa masa wuya. Kada a yarda da wayar birkin keke, wannan ta kuntigi ce. A canza duka takwas lokaci guda, aƙalla kwana goma kafin biki don su zauna. Bayan kowane kiɗa a goge da busasshen ƙyalle, a ajiye nesa da tururin kicin.

Amma ya ƙara da abin da ba za ki so ji ba. Ruwan gishiri na wata huɗu ba a waya kaɗai ya tsaya ba. Ya gangara cikin kunnuwan da ake murɗawa da ƙarfen da yake riƙe wayoyin daga ƙasa. Tsatsar wurin tana da kaifi, za ta ci sabuwar tsirkiya komai tsadarta. Sai an kwance an kankare an sa mai. Wanda ya san cikin wannan molo tun zamanin mijinki mutum ɗaya ne, yana Gwallaga.

Kuma Mama, ba rashin kunya Malam Babayo ya yi miki ba. Ya ɗanɗana gishiri, ya san wanda yake shiga ɗakin saurayi in ba ya nan. Da kalma ɗaya zai wanke kansa a gaban jama'a, sai ya haɗiye zagin yaro sa'an ɗansa ya rufa miki asiri. Kin ce ba ki neman gafarar kowa. Tsakaninki da ɗanki wannan maganarku ce. Amma tsohon nan bai kaɗa wa kowa a biki ba, kuma abincinsa ne yake tsinkewa.

Ga shawarata. Gobe, ba jibi ba, ki zaunar da Obadiya ki gaya masa da bakinki. Zai yi fushi, ƙila ya kwana biyu bai ci tuwonki ba. Ki jure, kada ki mayar da zaman ya koma faɗa a kan kiɗa. Wannan maganar ku ajiye ta sai bayan biki, ku yi ta a fili, ki faɗi iyakar da kike so, shi ma ya faɗi tasa. Sannan ku tafi Gwallaga tare, da rana, lokacin da maƙwabtan rumfar suke nan, tun da a gabansu aka yi zagin. Ke za ki fara magana. Ranar Lahadi kuma Obadiya ya gaya wa abokan kiɗansa cewa kuskure ya yi.

Kin hana ni wa'azi, na bari. Kin fi ni sanin abin da kike koya wa matan coci game da shaidar ƙarya.

Allah ya sa Roda ta shiga coci da kiɗan babanta har ƙarshen waƙa, ya ba ta zaman lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin hawa Keke Napep zuwa Gwallaga.

Anti Zinariya