Tsirkiyar da Baba Ya Ɗaura a Jikin Birki

Malam mai wannan fili, don Allah ka taimake ni, yayana Tukur na shirin sayar da motar mahaifinmu, ni kuwa raina ba ya so.

Marigayi Baba malamin gona ne na En'e a nan Gusau. Bayan an gama yaƙi ya sayi motar a hannun wani Bature da zai koma gida. Baƙa ce, ga ƙugi, tun daga bakin kasuwa ake gane zuwanta. A cikinta muka tashi. Kowace sallah sai ya loda mu zuwa Tsafe wurin kakanni, a dawo da fura da zabbi a bayanmu. Har yau in na buɗe ƙofarta ƙamshin turarensa nake ji, sai in zauna a ciki in rasa abin da ya kawo ni. Watansa bakwai ke nan da rasuwa, kewarsa ba ta sake ni ba.

To, tun faɗuwar damina fitilar birki ta daina kamawa. Ran Laraba na ɗauko Inna daga Bungudu, na taka birki saboda garken shanu, saura ƙiris wata babbar mota ta hau kanmu ta baya. Direban ya zage ni tas, kuma da gaskiyarsa. Da Tukur ya ji, ya rantse in wata ya mutu ba a gyara ba, za ta bar gidan.

Garba makanike ya canza ƙwan fitilar, ya duba fis da batir, duk lafiya. Ya ce sai ya leƙa ƙarƙashin abin taka birki, ni kuma na hana shi. A can akwai wata tsirkiya ta fata mai ƙulli uku, da hannunsa Baba ya ɗaura. Na tabbata laya ce. Farkon kowace damina yakan cire hula, ya cusa kansa wurin shi kaɗai yana ta motsa baki, ba ya son kowa kusa. Yaya zan bar hannu mai baƙin mai ya taɓa tofin ubana? Na rasa yadda zan yi.

Mai Kewar Baba, Gusau

AMSA

Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri. Son abin da uba ya bari ba laifi ba ne, amma kada ka ga baƙin Tukur. Kai kana tuna wanda ya tafi, shi yana tsoron abin da zai sami Inna.

Ga abin da nake zato. A irin waɗannan tsofaffin motoci, makunnin fitilar birki yana ƙarƙashin abin takawa, wani ɗan sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa, ke haɗa su. In an taka, sifirin ya ja makunni, fitila ta kama. Ina jin na motarku ya daɗe da tsinkewa, Malam ya maye gurbinsa da fata. Fata kuwa in ta sha laima sai ta saki, shi ya sa yake ƙara ɗaure ta kowace damina. Motsa bakin nan, ko addu'a ce ko mita ce ta mai faman ƙulli a wuri matsattse, Allah ne masani. Bana ba wanda ya ɗaure ta, shi ke nan.

Kai da kanka ka yi alwala in hankalinka zai fi kwanciya, ka ja tsirkiyar da hannu, Tukur ya tsaya a baya. In fitila ta kama, an gano ciwon. In ba ta kama ba, Garba ya haɗa wayoyi biyu na makunnin, in ta kama a haka, makunnin ne ya mutu. Ko wanne ne, a sa sabon sifirin na ƙarfe, fatar kuma ka kwance ta, ka ajiye cikin kayanka.

Kafin nan kada ka sake ɗaukar kowa a cikinta. Zaman makoki ɗaya ya ishi gidanku a bana. Allah ya kiyaye hanya, ya bar ku tare da Inna shekaru masu yawa.