A Maido Mini Kekena, Ko A Ciro Zanen Rabi

Zuwa ga mai girma shugaban Kwamitin Ranar Keke na garin Tasawa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da kekunansu. Ni ne Ilu mutumin Korgom, mazaunin unguwar bayan tasha. Na yi lakwal, wato boko, shekara huɗu, malamin ya gaji, ni ma na gaji, muka rabu lafiya. In ka ga harafi ya karkace, daga can ne. Na rubuto a fili don na zo biro, wato ofishinka, sau huɗu, kullum sai a ce ka fita.

Na ɗaya. Bari ka san wane ne aka tsare. Jakina ya mutu a farin bara, ya bar mini igiya. Keken da ƙanena ya bari da zai tafi ci-rani shi ya gaji aikinsa. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe, sai ta fadama, kuma keken nan ke ɗauko mana garwa huɗu kowace safiya. Ba ya cin dusa, wadda yanzu mu ke cin ta. Robar cikin tayarsa ƙaya ta gama da ita tun tuni, sai na yi abin da kowa ke yi a ƙauyenmu, na cusa tsumma har taya ta yi tauri. Ta gaba tsohon wandona ne. Ta baya zanen matata Rabi ne, wanda ta ba ni aro bisa sharaɗin zan maido in Allah ya hore roba.

Na biyu. Sankira ya zaga gari ya ce ranar Lahadi za a rufe babbar hanya daga tasha zuwa filin ƙwallo, ba mota ba babur, kowane magidanci ya fito da iyalinsa su hau keke don lafiyar jiki. Na yi dariya, don motocin garin nan ko ba a rufe hanya ba rashin mai ya rufe su. Amma zamanin soja ne, in aka ce fito ba ka tambayar ina za a. Kuma ɗiyata Hadiza ta daɗe tana roƙon in koya mata keke, unguwarmu ko duk rairayi ce, kwalta ita ce kaɗai wurin da taya ke juyawa ba zagi. Na yi mata alkawari.

Na uku. Ma'aikata sun zo kowa da nasa, uba da keke, ɗa da keke, har da mai ƙararrawa. Mu keke ɗaya Allah ya ba mu, sai muka hau shi yadda muke hawa zuwa suna. Hadiza a kan ƙarfen gaba, ni a sirdi, Rabi a baya, jinjiri a bayan Rabi. Mutane suka yi ta tafi. Na rantse tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini tafi ba, sai kaina ya kumbura, na ƙara wuta. Daidai rumfar manyan baƙi, mai hoto ya ɗaga na'urarsa, bakin zanen Rabi ya leƙo daga taya ya naɗe sarƙa. Muka kwanta a hankali, mu huɗu, kamar an shimfiɗa tabarma. Ba wanda ya ji ciwo. Jinjirin ma bai farka ba. Baƙon da ke tsakiya, mai kaki, na gan shi da idona yana dariya har yana share hawaye.

Mutuminku mai usur shi ne bai yi dariya ba. Ya ce na kunyata gari gaban baƙi, ya kama keken, wai za a yi bincike. Ranka ya daɗe, me za a bincika? Na faɗa maka abin da ke ciki: wando da zane.

Na huɗu, kuma nan wasa ya ƙare. Lahadi uku ke nan. Rabi ke zuwa fadama da garwa a kai, sawu uku, da goyo, cikinta ba komai sai 'ya'yan anza masu ɗaci da ɗan kunun jar dawa. Shekaranjiya jiri ya ɗebe ta a hanya, ruwan ya zube, ta zauna cikin rana tana kallon ƙasa na shanye shi. Ni ma ina ɗauka, amma wuyana ba keke ba ne. Hadiza ta bar zuwa lakwal tana taya uwarta, alhali hukuma ce ta zo har gida ta rubuta sunanta. An ce ranar lafiyar iyali ce. Nawa iyalin tun ranar ba su ga lafiya ba. Keken kuwa ina hango shi ta tagar ɗakin ajiyarku, an jingine shi yana hutawa, abin da bai taɓa samu ba a hannuna.

Roƙona kaɗan ne. A maido mini kekena kafin Lahadi mai zuwa. In an maido, a bar Hadiza ta zaga kwaltar nan ko sau ɗaya, ni zan riƙe sirdin ina gudu a baya, kuma na yi alkawarin ba za mu bi ta gaban rumfa ba. A kuma gaya wa sankira, in mai keke ɗaya ba ya cikin gayya, ya faɗa tun farko.

In kuwa binciken bai ƙare ba, don Allah a sa mai usur ya buɗe tayar baya ya ciro zanen Rabi. Ganwon da take ɗora garwa a kai ya mutu, kuma ba ta da wani tsumman.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare tayarka daga ƙaya.

Wassalam.

Ilu mutumin Korgom, mai keke a da.