Muryar Rahmatu a Cikin Kular Tuwo

Malama Balkisu, a taimaka wa tsoho da shawara, kaina ya ɗaure.

Tun da daɗewa nake jin ana cewa diskin ordinatar, wato kwamfuta, wancan ɗan akwatin da ake ajiyar bayanai a ciki, idan ya fara ƙara to sallama yake yi. Ni kuwa na ce zancen masu gyara ne, suna neman ciniki. Injin ban-ruwanmu na Jiratawa tun ina da ƙarfina yake tari, har yau bai mutu ba.

Mai ɗakina Rahmatu, Allah ya jiƙanta, 'yar Tibiri ce, bakinta cike da tatsuniya. 'Yarmu Tahira ta yi ta ɗaukar muryarta duk zuwan da za ta yi daga Yamai, ta tara a diski guda, ta haɗa mini da ordinatar a gidanmu na unguwar Zariya. Da rashin lafiya ya kwantar da Rahmatu, sai abin ya tsiro da wani ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu. Na ga yana hana ta barcin rana. Na ɗauko kular tuwo, na huda gefe don wayar da ke haɗa shi da ordinatar, na shimfiɗa auduga, na sa shi, na rufe. Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Har maƙwabta na kira su ga dabara.

Ban tuna aikin kula riƙe zafi ba ne, ga bazarar Maraɗi. Bayan rasuwar Rahmatu na so in ji muryarta, ordinatar ta ce ba ta san da wani diski ba. Wani lokaci ya ɗan motsa, ya sake yin shiru. Tahira na tafe da yara hutu, ta ce su zo su ji kakarsu. Ban gaya mata ba. In ba masu gyaran salula su buɗe, ko in yi shiru?

Abin da ya fi ci mini rai, wadda ta yi mini wannan gargaɗi a ƙarshe ba mai gyara ba ce. Rahmatu ce, tana kwance, ta ce in bar rufe shi in kai a duba.

Wani dattijo, Maraɗi

Baba, Allah ya jiƙan Inna Rahmatu.

Niyyarka ba ta da laifi, hutu ka nema wa marar lafiya. Akwatin rage ƙara ma akwai shi, amma ana yin sa da hanyar fitar zafi, kuma gunjin lafiyayyen diski yake ragewa. Ƙas-ƙas alamar ciwo ce, rufewa ba ta warkar da ita. Mai yiwuwa ko ba kula da ya lalace. Kular dai ta gaggauta.

Tun da yana motsi, da sauran fata, sai dai ban yi maka alkawari ba. Ka fitar da shi, kada ka ƙara kunnawa, kowace kunnawa tana rage abin da ya saura. Kada kowa ya kwance shi a teburin kasuwa. A kai wa wanda aikinsa ceto bayanai ne, abin da ya fito a kwafe wuri biyu.

Ka kira Tahira yau, kafin ta taso. Za ta ji zafi, amma za ta fi jin sa in ta tarar a gaban yara. Wataƙila ma akwai saura a tsohuwar salularta, ko wurin dangi a Tibiri.

In kuma bai tashi ba, kai ka fi kowa sauraron tatsuniyoyin nan. Ka zaunar da jikoki ka ba su da bakinka, Tahira ta ɗauka. Allah ya ba ka haƙuri, ya kawo su lafiya.

Balkisu